Tsohon babur ɗin ruwa: zai iya zama jirgin yara mai batir?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu tsohon babur ɗin ruwa, Yamaha WaveRunner na shekarun 1990. Injin ya buga, amma gangar jikin garau take, ba tsaga ko ɗaya. So nake in mayar da shi mai batir, yara su riƙa ɗan zagayawa a bakin dam ɗin garinmu. Ba gudu nake nema ba. Ta ina zan faro?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka wajen haɗa injin lantarki da famfon da ke feso ruwa ta baya. Famfon nan sai ya juya sau dubbai a minti ɗaya kafin ya yi turin kirki, nan da nan zai zuƙe batir. Cire shi, ka cire tankin mai da salansa da duk tiyo, ka wanke cikin har warin fetur ya fita kafin wata waya ta shiga. Ramin da ke shan ruwa ta ƙasa a toshe shi da fiba, ciki da waje. Sai ka nemi ƙaramin injin farfela irin na masu kamun kifi, kamar Minn Kota mai 12V. Mai turin fam 30 zuwa 55 ya wadatar (fam ma'aunin nauyi ne, da shi ake auna ƙarfin turin injin). Gudunsa ba zai wuce kimanin kilomita 5 ko 6 a awa ba.

Mai Sola: Batir ɗin mota ba zai yi ba, don tayar da inji kawai aka yi shi. Irin na sola za ka saya, mai 100Ah. Injin fam 55 yakan ja kusan 50A idan an ƙure shi, shi kuma batir mai dalma ba a son ya sauka ƙasa da rabi, ka ga awa ɗaya ke nan. Ni litiyom zan zaɓa: kilo 12 ne ko 13, wancan kuwa ya kusa 30. A sa fis na 60A dab da kan batir.

Bakanike: Malam, a nan ban bi ka ba. Nauyin da kake gudu shi muke nema. Injin da aka cire shi ne ke danne jirgin nan a ruwa. Idan babu shi zai taso sama, yaro ya ɗan karkata gefe sai ya kife. Batir mai nauyi a ajiye shi daidai mazaunin injin, can ƙasa a tsakiya, a ɗaure tamau cikin akwati.

Mai Sola: Gaskiyarka. To in mai dalma ne, a riƙa buɗe kujera lokacin caji, domin yana fitar da iska mai kama wuta.

Maman 'Yan Biyu: Ni farfelar ce ta tsaya mini a rai. Asalin babur ɗin ba shi da ita a waje, yanzu za a sa ta inda ƙafar yaro za ta iya kaiwa. Don Allah a yi mata keji. Igiyar nan ta wuyan hannu mai kashe inji idan mutum ya faɗa ruwa, a mayar da ita. Rigar ceto kuma daidai jikin yaro, mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi; ta manya sulluɓewa take yi ta kai.

Ɗan Masunta: Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, iska. Ƙaramin injin nan ba ya iya ja da iskar hadari, kuma a dam takan taso ba sallama. Ranar gwajin farko kai za ka hau, ba su ba, a ruwa iya gwiwa. Ka jijjiga shi hagu da dama, ka bar shi a ruwa kamar awa ɗaya, ka leƙa ko yana yoyo ta wajen facin.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri. Sitiyari fa, Oga?

Bakanike: Kebul ɗin da ke juya bakin famfo yana nan, a haɗa shi da sandar sabon injin da ɗan guntun ƙarfe. Ka sa tsayin ƙarfen yadda kan jirgin ba zai juya da yawa lokaci ɗaya ba, sannan ka turo mana hoton bayan jirgin kafin ka huda komai.