Tukunyar Malam: Musayar Baitoci

Shekara ta zagayo da rasuwar malaminmu, sai ɗalibansa suka tuna da shi cikin waƙa.

Tsohon almajiri, daga Tawa:

Da sunan Mai ciyarwa, wanda ba a ciyar da Shi, nake farawa,
In tuna shehin da ya zaunar da mu gaban allo a nan Tawa.
A 1984, da damina ta ɗauke ba ta dawowa,
Gero ya bushe a tsaye tun kafin kai ya soma fitowa.
Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa,
Shi ya sa El Buhari ake kiran wannan yunwa.
Buzaye da Fulani da garkensu ya ƙare suka yi ta isowa,
Malam ya sa aka buɗe rumbu, har irin shuka bai yarda da ragewa.
Ba ya tambayar ɗarikar mutum ko yarensa, ƙwarya yake miƙawa,
Ni na ɗauki furar da hannuna, ba labari nake maimaitawa.

Ƙanensa a karatu, daga Yamai:

Yaya, baitinka ya same ni a Yamai, babban gari,
Ya tuna mini 2005, bayan ɓarnar fara da fari,
Da mata ke jiƙa anza don ɗaci ya fita, tun asubar fari.
Malam ya tsufa, gani ya ragu, amma bai sauya tsari.
Yakan ja Suratul Balad, ya tsaya kan tudun nan mai wuyar hawa, ya yi tafsiri:
Ciyarwa ce a ranar yunwa, ga maraya da miskinin da ya rasa makari.
Abin da ke cin raina, Yaya, zan faɗe shi ba rufin asiri:
Muna cika mota zuwa ziyara, muna zubar da hawaye bakin kabari,
Ga almajiri da robarsa a kasuwar Katako, muna wuce shi da sauri.
Da wane ido za mu dubi Malam, mu da muka ci wannan alheri?

Inna, dattijuwar gidan Malam:

Ƴaƴana, ku bari in sa baki, ni da na hura wuta.
Kun yabi Malam, ya cancanta, amma akwai abin da kuka manta.
Mata ne ke daka tun kiran assalatu, turmi bai taɓa samun huta,
Ni ke auna tiya, ni na san daren da ta gaza wadata,
Malam ya sha ruwa ya kwanta, ya hana ni in furta.
In mai iyali ya ji kunyar zuwa, sai ya ce a kai masa da dare, kada maƙwabta su fahimta,
Domin rufin asirin mai nema, a wurinsa, yana cikin bauta.
Tukunyar tana nan, ba mu sayar ba, ba mu kife ta,
Kowace Juma'a muna ɗora ta, gero ne kawai ya ƙaranta.

Na Yamai ya amsa:

Inna, na ji kunya, ki yafe mana, maganarki ta isa.
Ranar Laraba zan sa buhu biyu a mota, da sunan Malam a bisa,
Ta Dosso da Dogondutsi da Ƙonni za ta bi, hanyar da nisa,
Ki aiko yaro tasha ranar Alhamis, ya jira ta har ta ƙarasa.