Tom Bowen: likita ne ko mai tausa?

Baban Yusra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Wata uku ina fama da ciwon baya, na je wurin mai tausar Bowen a nan Melbourne na samu sauƙi, sai yayana ya bugo waya wai na kai kuɗina wurin boka. Matar nan da yatsu kawai take murza jijiya a hankali, ta bisa riga ma, sai ta fita daga ɗakin kamar minti biyu, ta dawo ta ci gaba. Ina bokanci a nan? Likita Tom Bowen ne ya fara ta a garin Geelong na Ostareliya.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Amma Malam, cire kalmar likita. Bowen bai yi karatun likitanci ba, a kamfanin siminti ya yi aiki.

Baban Yusra: Hajiya, ai wanda ya warkar da kai shi ne likitanka. Kwamitin binciken gwamnatin jihar Victoria ya rubuta a 1975 cewa yana duba mutum wajen 13,000 a shekara.

Maman Ilham: Tsawon layi ba takardar shaida ba ce. Ya nemi rajista a hukumar masu gyaran ƙashi ta jiharsu, aka hana shi.

Ɗan Zariya: To Hajiya, mai ɗorin unguwarmu wace takarda gare shi? Shi ya ɗora mini ƙafa da karan dawa da tsumma, yau har ƙwallo nake bugawa.

Maman Ilham: Ƙanena, ni nas ce. Na ga ƙafar yaro da ɗorin gida ya ɗaure tamau har ta ruɓe, aka yanke ta.

Ɗan Zariya: Kullum haka kuke, ma'aikatan asibiti, raina na gida!

Kawu Maraɗi: Ku tsaya. Bowen ya rasu a 1982 bai bar littafi ko ɗaya ba. Oswald Rentsch, wanda ya kalli aikinsa, shi ya fara koyar da tausar Bowen a 1986. Wa ya tabbatar abin da ake yi yanzu nasa ne?

Ɗan Zariya: Kawu bari tukuna, sai Hajiya ta janye maganarta.

Maman Ilham: Ba zan janye abin da na gani da idona ba.

Shugaban zaure: Na rufe nan. Abin da aka fahimta shi ne Bowen likita ne a aikace, kamar masu ɗorinmu, kuma kakana ma sana'arsa ke nan. Hajiya labarin yaro ɗaya kawai ta kawo. Baban Yusra, tura wa yayanka wannan.