Neman shawara: shafin man na direba ya yi hannun riga da kod ɗinsa

Ɗankoyo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar shafukan man, wato shafukan bayani da ake karantawa da umarnin man a tsarin aiki irin na Unix. Ina ba da gudummawa a wani tsarin aiki na dangin BSD (dangin su FreeBSD da OpenBSD), kuma an bar mini gyaran shafin wani direban katin sadarwa mai shiga ta USB, a sashe na 4, sashen direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da na'urori. Wanda ya rubuta direban ya daɗe da barin aikin. Da na ajiye shafin kusa da kod ɗin sai na ga kowa da inda ya dosa. Teburin da ke cikin kod yana ɗauke da lambobin na'urori da dama da shafin bai san da zamansu ba. Shafin kuma ya jera wasu kayayyaki da sunayensu na kasuwa, waɗanda ban ga alamarsu a kod ba. Cikin sysctl ɗin da ya yi bayani, wato saitunan kanel (zuciyar tsarin aikin), akwai wanda aka sauya wa suna, akwai wanda babu shi kwata-kwata. A sashen BUGS an ce direban ba ya iya wani abu, alhali ga alama an gyara tuntuni.

To shin in kwashe teburin gaba ɗaya in zuba a sashen HARDWARE? Na'ura ɗaya ce kacal a hannuna da zan iya gwadawa. Sunayen kasuwar nan in goge su ko in bar su? Sannan yaya zan yi kada shafin ya sake komawa gidan jiya bayan na gama? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kwashe teburin nan ka zuba. Ka fara gane abin da teburin yake cewa tukuna. Kowace na'urar USB ko PCI tana gabatar da kanta da lamba biyu, ta kamfani da ta samfuri. A PCI, 0x8086 ta Intel ce, 0x10ec ta Realtek. A USB kuma Realtek tana amfani da 0x0bda. Idan lambar na'ura tana cikin teburin direba, abin da hakan yake nufi kawai shi ne direban zai ɗaga hannu ya ce "tawa ce" lokacin da kanel yake neman mai ita. Ko zai iya tafiyar da ita yadda ya kamata, wannan wata magana ce daban. Sau da yawa ana kwaso lambobi daga direban wani tsarin aiki, ko daga takardar bayanin cip, ba tare da kowa ya taɓa soka na'urar a kwamfuta ba. Amma mai karatu idan ya ga suna a HARDWARE, alkawari yake ɗauka, har ya je ya sayi kaya a kan maganarka.

Abin da nake yi shi ne in bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da git blame, umarnin da ke nuna wanda ya shigar da kowane layi a kod, in karanta saƙon da aka rubuta ranar da aka shigar da kowace. A nan za ka ga ko an ambaci wanda ya gwada, ko rahoton matsalar da ya jawo aka ƙara ta, ko kuwa an ce daga wani wuri aka kwafo. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi zai raba maka su kashi biyu, waɗanda aka gwada da waɗanda ba a gwada ba, ba tare da kana da na'urorin ba.

Sunayen kasuwa kuwa, rashin ganinsu a kod ba hujja ba ce cewa ƙarya ne. Direba cip ya sani, bai san kwali ba. Kamfanoni goma suna iya sayar da adafta goma masu suna daban-daban, cip ɗin cikinsu ɗaya. Matsalar tana zuwa ta ɗaya ɓangaren: kamfani ya bar sunan kayansa yadda yake, ya sauya cip ɗin ciki, sai dai wata 'yar lambar bugu a ƙasan na'urar ta nuna bambanci. Saboda haka ka sa jerin cip a gaba, shi ne gaskiyar da ba ta motsi. Sunayen kasuwa su biyo baya a matsayin waɗanda aka san sun yi aiki, tare da lambar bugu in an san ta.

Wani abu kuma, ka duba ko naku tsarin yana yin irin na FreeBSD. A can ana ciro sashen HARDWARE daga shafukan man a haɗa takardar na'urorin da kowace fitowa take tallafawa. Shi ya sa suke so jimlar farko ta ambaci sunan direban da kanta, domin za a karanta ta a wurin da sauran shafin ba ya nan.

Mai Linux:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni dai ban yarda a ci gaba da rubuta jerin na'urori da hannu ba. Duk jerin da mutum ya rubuta da hannu, ranar da aka gama shi ya fara tsufa. A wajenmu yawancin direbobi ba su da shafin man ma. Bayanan suna cikin Documentation a bishiyar kanel, wadda aka mayar kan manhajar tsara takardu ta Sphinx tun 2016, sauran kuma umarnin modinfo yake nuna maka: layukan alias suna ba ka lambobin da modul, wato direban da ake lodawa cikin kanel, ya yarda da su, layukan parm suna ba ka abubuwan da za ka iya saitawa. Daga kod ɗin kansa suke fitowa, don haka babu yadda za su saɓa masa. Ai FreeBSD ma tana da devmatch tun 12.0, mai duba lambobin na'ura ya nemo modul ɗin da ya dace. In inji zai iya, me ya sa za a wahalar da mutum?

Tsohon Hannu:
Inji zai gaya maka lambobin da direba yake karɓa, ba zai gaya maka wacce take yanke sadarwa in kaya ya yi nauyi ba. Ita wannan sai wanda ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Na yarda da kai a abu ɗaya: bai kamata shafin ya maimaita lambobi ba. Ya faɗi abin da lambobin ba za su iya faɗa ba.

Hajiya mai kula da saba:
Ni ba na rubuta direba, karanta shafukanku nake yi, don haka bari in faɗi ta ɓangarena. Ɗankoyo, ka tuna lokacin da mutum yake buɗe shafin direban sadarwa: lokacin da sadarwar ba ta aiki. Babu intanet, babu burauza, daga shi sai baƙin allo da umarnin man. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa a bar komai a yanar gizo.

Abin da nake nema na farko shi ne SYNOPSIS ya gaya mini layin da zan sa a fayil ɗin saitin kanel, ko layin da zan sa a loader.conf in ina so a loda modul tun tashin kwamfuta, irin if_em_load="YES" a FreeBSD. In na'urar tana buƙatar famwaya, wato 'yar manhajar da ake loda wa cip ɗin kansa, a faɗa mini da wuri, kuma a faɗi inda ake samunta. Shafukan OpenBSD suna nuna wa mutum fw_update kai tsaye, kuma hakan yana rage wahala sosai.

Na biyu, wanda ba ka ma ambata ba, shi ne DIAGNOSTICS. Don Allah ka bi kod ɗin ka tattaro saƙonnin da direban yake bugawa, ka rubuta su harafi da harafi yadda suke fitowa a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel. Ni kwafo saƙon nake yi in nema a cikin shafin. In ka gyara masa nahawu ko ka taƙaita shi, ba zan same shi ba. Kuma ƙarƙashin kowane saƙo a gaya mini abin da ya faru da abin da zan yi: kebul ne, wuta ce ba ta isa ba, ko in kai rahoto? Saƙon da aka jera ba bayani, da shi da babu duk ɗaya.

Sai layin nan guda na NAME. Shi umarnin whatis yake nunawa, shi apropos, umarnin neman shafi ta kalma, yake fara bincikawa. Mutumin da bai san sunan direba ba, sunan cip ko na kamfani zai rubuta. In layin ya ce "direban sadarwa" kawai, to ka ɓoye shafin da hannunka.

Ɗankoyo:
Na gode ƙwarai, Hajiya, DIAGNOSTICS bai ma zo mini a rai ba. Malam, saura maganar sysctl ɗin da aka cire da kuma BUGS. Ina jin tsoron gogewa, don akwai masu amfani da tsohuwar fitowa da har yanzu suke da shi. In bar shi in rubuta cewa an cire?

Tsohon Hannu:
Goge shi. Wannan shi ne amfanin zaman shafin man a bishiya ɗaya da kod: kowane reshe yana tafe da nasa shafin. Mai tsohuwar fitowa tsohon shafin yake karantawa a kwamfutarsa, kuma a can maganar daidai take. Naka shafin ya bayyana kod ɗin da yake zaune da shi a reshe ɗaya, shi ke nan. Inda za ka yi hattara shi ne lokacin mayar da gyara zuwa reshen da ya riga ya fita. Kada ka kai gyaran shafi inda gyaran kod bai je ba, sai ka zama kai ne ka ƙirƙiro sabon saɓani. Shi ya sa nake ba ka shawara ka raba aikin faci-faci, wato ƙananan gyare-gyaren da ake turawa ɗaya-ɗaya: na gyaran rubutu da tsari daban, wanda zai iya zuwa kowane reshe; na sysctl daban; na HARDWARE daban. Masu dubawa ma sun fi saurin amincewa da ƙaramin faci.

Wanda aka sauya wa suna kuwa, ka gwada a na'urar da ke hannunka. Umarnin sysctl -d zai nuna maka gajeren bayanin da ke cikin kod, ka kwatanta da na shafin. Ka kula da abu biyu da shafuka suka cika mantawa: ƙimar da ake farawa da ita, da kuma ko ana iya sauya shi kwamfuta tana aiki ko sai a lokacin tashi. FreeBSD ta raba su sashe biyu, LOADER TUNABLES da SYSCTL VARIABLES, saboda wannan bambancin.

BUGS kuma, "ga alama an gyara" bai isa ba. Nemo inda aka gyara a tarihin kod, ko ka gwada da kanka. In ka samu, goge, ka ambaci wannan gyaran a saƙon facinka. In ba ka samu ba, bar shi yadda yake ka tambayi masu kula da ɓangaren sadarwa. Kuma kada ka taɓa AUTHORS. Barin aiki ba ya cire sunan mutum daga abin da ya rubuta.

Sarkin Lint:
Ƙananan abubuwa kafin ka tura. Gudanar da mandoc -T lint a kan fayil ɗin, zai kama maka macro, wato alamomin tsara shafi, da aka sa ba daidai ba, da sassan da suka saɓa jeri, da SEE ALSO da ba a tsara ba. In kana da igor, manhajar duba kurakuran rubutun takardu, ka haɗa da shi. Kowace sabuwar jimla ta fara a sabon layi, don faci ya nuna jimlar da ta sauya kawai. Layin saitin kanel a rubuta shi da .Cd, nuni zuwa wani shafi da .Xr, sunan direba da .Nm. Kada ka yi kwalliya da baƙin rubutu da hannu; mdoc, tsarin da ake rubuta shafukan man na BSD da shi, ma'anar kalma yake so ka faɗa, shi ya san yadda zai nuna ta. A nan ya bambanta da tsohon tsarin man da ya zo da Unix ta bakwai a 1979, kuma da shi ne apropos na mandoc yake iya bincike ta macro.

In ma'anar shafin ta sauya, ka sabunta kwanan wata a layin .Dd. A OpenBSD wannan da kansa yake sauyawa, don haka duba al'adar naku. Sannan ka leƙa Makefile na man4 ka ga MLINKS, jerin ƙarin sunayen shafuka, ko akwai wani sunan da ya kamata ya kai mutum shafin nan. Misali, da aka haɗe direban igb cikin direban em a FreeBSD 12, wanda ya rubuta man igb shafin em yake samu.

Mai Linux:
To tunda kun dage, ga abin da zan ƙara kan tambayarsa ta ƙarshe. Rubuta 'yar gajeriyar manhaja da za ta ciro sunayen cip daga teburin kod, ta ciro na HARDWARE, ta nuna bambancin. Ba don ta rubuta shafin ba, don ta yi ihu in an ƙara lamba an manta da shafi. Haka ma za ka iya yi wa sunayen sysctl.

Hajiya mai kula da saba:
Wannan na goyi baya. Kuma in wata rana aka yanke shawarar cire direban gaba ɗaya, a shafin ya kamata a fara faɗa. Kafin FreeBSD 13.0 ta fito a 2021 ba tare da tsofaffin direbobin Ethernet irin su ed da de ba, an riga an sa sanarwa a shafukansu tun a fitowar da ta gabata. Mu masu tsofaffin injuna a nan muke ganin irin wannan.

Tsohon Hannu:
Manhajar dubawa tana taimakawa, amma abin da ya fi riƙe shafi shi ne a saba da shigar da gyaran kod da na shafi a faci ɗaya. Ka sa kanka cikin masu duba duk facin da ya taɓa fayilolin direban nan. Duk wanda ya zo da sabuwar lamba, ka tambaye shi sunan na'urar, lambar bugunta, da layukan dmesg ɗinta, ka roƙe shi ya ƙara layin HARDWARE a facin nasa. A lokacin ne na'urar take hannunsa, bayan wata shida ba lallai ka same shi ba. Waɗanda ka tarar a tebur babu shaidar gwaji kuwa, ka ambaci cip ɗinsu a DESCRIPTION da cewa direban yana gane su amma ba a tabbatar ba, ka bar HARDWARE ga waɗanda aka gani suna aiki.