Inna ta ƙi karɓar Zamzam daga hannun mutum-mutumi

Maman Husna (Makka): Assalamu alaikum 'yan uwa. Inna ta zo umara daga Kano, ta sauka wurina a Shara Mansur. Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a Harami sai ga na'urar nan mai rabon ruwan Zamzam tana tafe ita kaɗai, kwalabe jere a kanta. Inna ta damƙe mini hannu, jikinta na rawa, tana ta a'uziyya. Ashe jikanta ne ya nuna mata wani fim a waya, inda mutum-mutumi ke farautar mutane da jan ido. Ta ce alamar Dujal ce. Tun daga ranar ta ƙi komawa wannan ɓangaren, a gida ma baccinta ya ragu. Don Allah ya zan yi in kwantar mata da hankali?

Baba Tela: Wa'alaikumus salam 'yata. Terminator yaron ya nuna mata, fim ɗin Amurka ne tun 1984, na kalle shi a kaset ina saurayi. Tsoro suke sayarwa, da shi suke cin abinci. Wadda ke Harami batir ce da taya, in mutum ya tsaya a gabanta cak take tsayawa. Tambayi Inna, matakalar lantarkin da ta hau zuwa bene wa ke tura ta?

Ɗan Jidda: Ni Hajiya ba jan ido ke hana ni bacci ba. Shekara tara ina aikin shara da goge-goge, yanzu injin ɗaya na wanke filin da mu da yawa muke yi. Kuma a 2017 aka ba wata mutum-mutumi Sophia shaidar zama 'yar ƙasa a Riyad, ni da aka haifa a nan kullum ina lissafin kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Wannan ba ka ganinsa a fim.

Uwar Biyu: Kada ki yi mata gardama, tsoho ba ya son a ce masa bai sani ba. Ki ɗauki kwalbar da hannunki, ki yi bismilla ki sha a gabanta, sannan ki miƙa mata.

Maman Husna: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗan Jidda, Allah ya buɗa maka. Gobe da asuba zan gwada, yaron kuwa na karɓe wayar.