Maɗaurin Agogon Hannu da Ruwan Alwala: Abin da Muka Gani a Bauchi

Malamin makaranta daga Yalwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maɗaurin fata na uku ke nan da ya tsinke mini cikin shekara biyu, kuma duk a wuri ɗaya suke ruɓewa, daidai hudar da ake ɗaurewa. Agogon na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, Seiko 5 ne irin wanda ba ya amfani da batir, motsin hannu ke sa shi tafiya, shi ya sa ba na son in ajiye shi a akwati. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini da abin da ya gani.

Mai gyaran agogo a Kasuwar Wunti:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba. Tun kafin in ga agogon na san da shi kake alwala, ko kuma kana mayar da shi hannu kafin hannun ya bushe. Fatar da take shan ruwa sau biyar a yini, ta sha gumin bazara a Maris da Afrilu, sannan iskar hunturu ta busar da ita, dole ta tsage komai tsadarta. Idan ba za ka riƙa cire shi ba, ka koma sarƙa ko roba. Amma kafin ka zo kasuwa ka ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin kunnuwa biyu da maɗaurin yake shiga, domin da milimita ake sayar da shi: yawanci 18 ne ko 20 ko 22, wasu tsofaffi kuma 19. Mutane suna raina bambancin milimita ɗaya, alhali idan maɗaurin ya yi ƙanƙanta yakan yi ta zamewa har ya ɓalle ɗan fil mai sifirin da ke riƙe da shi, kuma ta haka agogo da yawa suke faɗuwa daga kan babur ba tare da mai shi ya ji ba. Fil ɗin ba shi da tsada, ka sa a canza maka shi tare.

Ma'aikaciyar jinya daga Gwallameji:
Sarƙa tana da nata sharaɗin, Malam. Lokacin da aka rage mini tawa, mai gyaran ya cire gaɓa uku duk daga gefe guda, sai makullin ya koma gefen hannu, fuskar agogon ta yi ta juyawa. Sai da aka raba, biyu nan ɗaya can, ya zauna. A cikin sarƙar akwai ƙananan kibiyoyi da ke nuna inda ake tura fil ya fita, kuma ka karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana. Ma'aunina shi ne ƙaramin yatsa ya shiga tsakanin sarƙa da hannu. Wata sarƙa mai araha ta taɓa fitar mini da ƙuraje, saboda haka ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, kana wanke shi da tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu.

Dattijo daga Azare:
Ni Casio F-91W nake ɗaurawa, samfurin da aka fara yi tun 1989, batirinsa CR2016 yakan kai kusan shekara 7, robar ce take riga batirin mutuwa. Abin da nake so yarana ku kiyaye shi ne rubutun bayan agogo: idan an rubuta 30M, wato mita 30, fantsamar ruwa kawai agogon yake ɗauka, ba wanka ba. Na rasa wani agogo mai kyau domin an canza masa batir aka mayar da murfin ba tare da zoben robarsa ba, da damina ta zo gilashin ya yi raɓa daga ciki.

Malamin makaranta daga Yalwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna, 18 ne. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo Wunti a sa mini sarƙa, kuma zan tsaya a wurin har a rage ta daga ɓangarorin biyu kamar yadda Hajiya ta ce.