Ɗan aji uku zai iya tantance labari?

Malamin makaranta, Aboabo (Kumasi): Ni dai a ganina ɗan shekara takwas bai kai a ce ya binciki labari ba. A ba shi sunaye ya haddace: gidan rediyo da talabijin na GBC, jaridar Daily Graphic, Hukumar Lafiya ta Ghana. Abin da bai fito daga nan ba, ya bar shi. Ka koya wa yaro shakka da wuri, gobe a kanka zai fara.

Malamar firamare, Asawase: Malam, haddar sunan nan ita ce ramin. Liƙa tambarin gidan jarida a kan hoto ba ya cin minti biyar, kuma yaron da aka ce ya yarda da tambari shi ake fara ci. Tambaya uku ta ishe shi: wa ya faɗa, yaushe, waye kuma ya faɗa ban da shi? Ta tsakiyar ce manya ma ke mantawa. Hoton ambaliyar Accra ta 2015 sai ya dawo da damina kamar na jiya.

Mai gyaran waya, Alabar: Hajiya ta yi gaskiya. A nuna masa kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, alamar saƙon ya bi hannu aƙalla biyar. Shafin gwamnati da .gov.gh yake ƙarewa, ya karanta adireshin harafi-harafi. Hoto kuwa a sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, tare da babba, a ga inda ya taɓa fitowa.

Malamin makaranta: To saƙon murya fa? Yawancin labarin Zango da murya yake zuwa, Hausa ko Twi, ba adireshi ba kwanan wata. Lens ɗin me zai gani?

Malamar firamare: Nan kam aikinku ne, Malam, ku masu isnadi, wato bin jerin waɗanda suka ruwaito hadisi, ga kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat mai cewa a binciki labari. Jera yara goma, ka raɗa wa na farko jimla mai suna, wuri da adadi, ka rubuta ta a ɓoye. Na ƙarshe ya faɗa a kwatanta, galibi adadin ne ke fara kumbura. Daga nan duk muryar da ta ce "an ce", ya tambaya: wa ya ce?

Malamin makaranta: Wasan na karɓa, ranar Asabar ma za a iya. Amma in kakarsa ce ta turo muryar, ita ma zai tsare da "wa ya ce"?