Jera filter da map a kan stream (jerin bayanan da ake sarrafawa a code): yana rage gudu ko a'a?

Injiniya Sani, Jidda: Jama'a ni dai ina kan bakana, jera filter (mai tace bayanai) da map (mai sauya kowannensu) da wani map ɗin ɓata lokacin kwamfuta ne. Mataki uku zagaye uku a kan bayanai ɗaya. For loop guda, mai bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, ta wadatar.

Maryam, Riyad: Injiniya da girmanka amma a Java ba haka abin yake ba. Tun Java 8 ta 2014 filter da map ba sa taɓa komai sai ka kira mataki na ƙarshe irin su collect mai tattara sakamako, kuma ko a lokacin kowane abu sai ya bi ta duk matakan kafin na bayansa ya shigo, zagaye ɗaya ne kacal. Sa findFirst ka gani, yana samun na farko yake tsayawa.

Injiniya Sani: To ai da idona na ga memori na kumbura a JavaScript.

Abubakar, Makka: Nan kam gaskiyarka ce Yaya Sani, map da filter na array a JavaScript kowanne sabon array yake ƙirƙira, layi miliyan kwafi miliyan. Amma kar ka ɗora wa Java laifin wani.

Hamza, Madina: Kuma Anti Maryam ki faɗa masa sauran. Ki sa sorted, mai jera bayanai bisa tsari, a tsakiya dole ya tara komai kafin ya saki ko ɗaya, in bayanan ba su da ƙarshe kuwa ba zai taɓa saki ba. Ga kuma lambobi, a stream na Integer kowace lamba a naɗe take cikin object, ana ta naɗewa ana warwarewa, shi ya sa aka yi IntStream mai aiki da lambobin kai tsaye. Ni abin da ke damuna mutane suna ƙirga matakai alhali ba can tsadar take ba. A Flink, manhajar sarrafa bayanai a kan na'urori da yawa, da kansa yake haɗe matakan da ke jere su yi aiki a zare (thread) ɗaya, amma kana sa keyBy, mai rarraba bayanai rukuni-rukuni, sarƙar ta tsinke, bayanai su fara yawo tsakanin na'urori, nan ne lokaci yake tafiya wallahi.

Injiniya Sani: Duk na ji. Amma a lissafi mai sauƙi for loop tana gaba, wannan ban janye ba.

Maryam: Yana yiwuwa, amma tazarar nawa ce? Kar a auna da agogon hannu tun JIT, mai fassara code ɗin Java zuwa harshen na'ura yayin da yake gudana, bai ɗumama ba, a sa JMH, kayan auna gudun code na Java.

Injiniya Sani: Na yarda da JMH. Lambobi miliyan goma, ke IntStream ni for loop, bayan isha in sha Allah.